Dokin da Na Ba Kawun Hauwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je ɗaurin auren abokina Nura a Zango ba, ko da kuwa na so in manta.

A lokacin ina cikin zazzaɓin ches, darar Turawan nan da ake bugawa a waya. Na tsinci wata dabara a bidiyo: tun farkon wasa ka miƙa wa abokin karawa soja, ka bi shi da doki, in kwaɗayi ya ja shi ya ci, sai ka rufe sarkinsa. Masana sun ce dabarar ruɓaɓɓiya ce, mai natsuwa ba ya faɗa mata. Ni dai na cinye mutum huɗu da ita (kada a tambaye ni yawan waɗanda suka cinye ni), don haka har tafiyata ta canza.

Bayan an shafa fatiha, muna zaune a rumfa muna jiran abinci, sai na jefa gayyatar wasa a guruf ɗin bikin, na rubuta: "Wanda ya isa ya taɓa." Wani mai suna Manomi ya amsa.

Abokai suka kewaye ni. Na ba da soja, ya ci. Na ba da doki, ya ci. Na ɗaga murya na ce, "Shi ke nan, ɗan ƙauye ya faɗa tarko!" Ban tsaya nan ba, sai da na rubuta masa: "Koma gonarka, wannan ba noman gero ba ne."

Tarkon bai kama ba. Manomi ya matsar da sarkinsa gefe kawai. Na duba, na sake dubawa. Babu soja, babu doki, babu dabara ta biyu, domin a nan bidiyon ya ƙare. Cikin 'yan mintoci ya ɗauke sarauniyata, ya rufe ni ruf.

Sai na ji gyaran murya daga tabarmar manya, a bayana. Alhaji Sale ne, kawun Hauwa, yarinyar da nake nema, kuma shi ne waliyyinta. Mako biyu kafin nan na durƙusa a gabansa ina magana ƙasa-ƙasa kamar ban taɓa kashe ko sauro ba. Ya cire tabarau, ya juyo mini da fuskar wayarsa.

"Malam, kai ne Sarkin Yaƙi?" (Sunan da na sa wa kaina ke nan a wasan, Allah Ya yafe mini.)

"Ni ne, Baba."

"To, na gode da doki. Gonar kuma da yamma zan koma, in sha Allah."

Rumfa ta kece da dariya. Na rarrafa gabansa, na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi ban san ku ba ne."

Ya dube ni, babu alamar wasa a fuskarsa. "Da ka san ni ne ba za ka faɗa ba. Abin da ya dame ni ke nan."

Ban ci shinkafar bikin ba. Na hau babur na dawo Daura, kafin in isa gida Hauwa ta kira, labari ya riga ni. Sai da mahaifina ya taka har gidan Alhaji, ni kuma na yi wata biyu ina zuwa gaisuwa kai a ƙasa, kafin aka sa mana rana.

Har yanzu ina bugawa, kuma har yanzu ana cinye ni. Amma na koyi yin wautata a shiru, domin ban san wanda ke riƙe da ɗaya wayar ba.