Yadda Za Ka Sama wa Jikanka Rigar Ƙwallon Kwando Ko da Bai Taɓa Ci Ba

Idan Allah Ya ba ka jika ɗan ƙwallon kwando wanda ƙwallonsa ba ta san hanyar kwando ba, share hawayenka. Matakan nan ba su taɓa ba da kunya ba. Na ga aikinsu a hannun maƙwabcina, wani tsoho mai gyaran agogo. Jikansa, wanda ake kira Ƙyaure saboda faɗin bayansa, shi da ɗan tela suke neman riga ɗaya da ta rage a ƙungiyar unguwa, ga gasa ta ƙarato. Ɗan tela ko ido rufe ya jefa sai ta shiga. Ƙyaure kuwa ya taɓa jefawa ta faɗa bayan wata motar kaya da ke wucewa, har yau tana can tana yawon duniya.

1. Raina ci

Fara da nuna cewa jefa ƙwallo a kwando ƙaramin aiki ne. Mai Agogo ya daɗe yana ƙura wa kwandon ido, har ya gano abin da ya shige wa masana duhu: ashe ba shi da gindi. Nan take ya nufi shagon tela, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mai hankali yana alfahari da zuba kaya a ɓulalliyar jaka. Tela bai ɗago ba, ya ci gaba da taka kekensa. Duk wanda bai amsa maka ba, ka kayar da shi.

2. Yabi abin da allon maki ba ya gani

Ƙyaure yana tsare dogo, yana tsare gajere. In mai gudu ne ya manne masa kamar ƙaya a zani, in mai ƙarfi ne ya tokare shi da ƙirji. Ƙwallo ta bugi allon kwando ta dawo, shi ke cafewa. Ya tsaya kamar bango abokinsa ya zagaya ta bayansa ya ci, a tafa wa abokin. Ɗan tela kuwa, in babu ƙwallo a hannunsa, tsayuwa yake kamar mai jiran mota. Faɗi wannan a shagon aski, ka maimaita a layin asibiti.

3. Ƙirƙiro ma'auni naka

Mai Agogo da kunne yake auna 'yan wasa. Yakan zauna bakin fili ya lumshe ido yana sauraron kukan takalma. Na jikansa tsuwa suke kamar ɓeraye a buhu, saboda tafiyar ƙaguwa da yake yi gefe-gefe. Na ɗan tela shiru, takalman ango. Sai ma'auni na biyu, zagi. Wanda abokan hamayya ba su zagi kakansa ba, bai tsare kowa ba. Ta wannan fannin Mai Agogo ya sha yabo sosai.

4. Kada ka saurari mutanen gida

'Yarsa, uwar yaron, ta roƙe shi ya bar yaro ya nemi rigarsa da guminsa. Ƙyaure ma ya same shi a shago, yana gyaran wani agogon bango mai 'yar kazar roba a ciki.

"Tsoho, wallahi in ka je wurin koci, na bar wasan ke nan."

Kunya ce irin ta yara. Ka ce masa to.

5. Tunkari koci a bainar jama'a

Ranar zaɓe da la'asar Mai Agogo ya saka rigarsa ta fita, ya shigo fili ana tsakiyar atisaye, hujjojinsa cike da baki. Ƙyaure ya hango shi, ya saki wanda yake tsarewa, ya sha gabansa, ya ware hannuwa. Tsoho ya yi dama, ya tarar da jika. Ya yi hagu, jika. Ya nuna sama ya ce ga jirgi, yaro ko ƙiftawa. Ya yi kamar sandarsa ta faɗi don ya sulale ta ƙarƙashin hammata, Ƙyaure ya cafe sandar, ya miƙa masa da hannu biyu, ya sake ware hannuwa. Ko gefen rigar kakansa bai taɓa ba.

"Matsa, ɗan nema, taimakonka na zo yi!"

"Kaka, ka yi wa Allah ka koma gida."

Wasa ya tsaya cak. Koci ya cire usur daga bakinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tsohon nan ya tare shi a tasha, ya tare shi a ƙofar gida, har bayan gida ya taɓa jiransa, bai taɓa ganin ɗan Adam da ya iya tsare tsohon ba sai yau. Ya cilla wa Ƙyaure rigar.

Har gobe Mai Agogo ya yi imani hujjojin da ya riƙa ƙwalawa ta saman kafaɗar yaron ne suka ratsa koci.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ko fushin tela, ko gaisuwar da jika zai rage maka zuwa ɗaga gira. In kuma ka bi matakan nan ka wuce jikanka ka isa gaban koci, kada ka neme ni. Jikanka bai iya ci ba, bai iya tsaro ba. Saya masa usur.