Ɗaurin Goma Mai Sha Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaure goma ta fito sha uku ba.

Lokacin fari ne. Gero bai yi ba, rumbuna ba kowa sai ɓera, shi ma ya rame. Makarantar ƙauyenmu, nan gefen Makoɗa, tana neman mai gadi, ni kuma ina neman ko mene ne. Ban yi boko ba. Ɗaurin dami na iya, kuma a nan babu wanda ya fi ni (ku tambaya).

Na je wajen hedimasta, Malam Hadi, wanda shi ke koyar da ajin 'yata Hinde. Ya ce, "Baban Hinde, bari in gwada ka tukuna. Mai duba makarantu zai zo daga Ɗanbatta. Ka yanko mini sillen kara, ka ɗaure su goma-goma. Da su yara ke koyon lissafi."

Ya zana gida biyu a ƙasa. Ɗauri yana zama a gidan goma, warwara a gidan ɗaya. In warwara sun kasa, sai a kwance ɗauri guda a agaza musu. Na ce wannan ai zaman gandu ne, na gane.

Na ƙirga ɗaurin farko, goma cif. Na damƙe shi, hannuna ya ji kaurinsa. Shi ke nan. Sauran duk da damƙa na auna. Wa ya taɓa ƙirga zangarniya a dami? Inda sille ya yi siriri na ƙara, inda ya yi kauri na rage, na ja kaba na ɗaure tamau. Da ka gan su a jere sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

Ranar da baƙon ya zo na sa rigar Juma'a, na tsaya a taga ina jiran yabo.

Malam ya ce, "Talatin da biyu a ɗebe biyar. Hinde, fito." Ita ce ta ɗaya a ajin (kan uwarta ta ɗauko, yanzu na yarda). Ta ajiye ɗauri uku da warwara biyu. Ta kwance ɗauri guda, ta ɗebe biyar, ta ƙirga saura.

"Ashirin da goma, Malam."

Baƙon ya leƙo ta saman tabarau. "A wace ƙasa ake wannan lambar?"

Malam Hadi ya share gumi, ya kira Garba ɗan maƙwabcina. Garba ya kwance nasa ɗaurin. "Ashirin da biyar!" Amsar kuwa, in ji Malam, ashirin da bakwai ce. Yara suka kaure da gardama, kowa da tasa. Hinde ta fara hawaye tana cewa wallahi ita daidai ta ƙirga.

Baƙon ya ɗauki nata ya ƙirga da kansa. Sha uku. Na Garba takwas. Ya ce, "Wa ya ɗaure waɗannan?"

Na so in sulale ƙasan taga. Amma na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ƙirga?"

"Na farkon."

"Sauran fa?"

"Na damƙa. Ai siraran in ba a ƙara ba an cuci yaron da ya samu."

Ajin ya fashe da dariya. Baƙon har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na ga gadi ya tashi sama kamar hadarin shekarar.

Da baƙon ya farfaɗo sai ya ce a kwance duka, yara su ƙirga su sake ɗaurewa, a shigo da ni ma. Aka zaunar da ni a benci, gwiwa har haɓa. Hinde ta tsaya a kaina. "Baba, saki. Ba damƙa ba. Ce ɗaya."

Na ce ɗaya. Da gemuna.

Da aka tashi na kama hanya ba sallama. Malam Hadi ya tare ni a ƙofa. "Gobe ka fara, Baban Hinde. Wanda ya tona kansa ta taga ba zai sace tagar ba. Amma ƙirga kujeru ka bar wa Hinde."

Albashin nan ya ciyar da mu har ruwa ya dawo. Sunan da yaran suka laƙaba mini, Baba Sha Uku, shi bai tafi ba. Jikokina ma da shi suke kira na.

Abin da na koya kaɗan ne. In ɗan boko ya ce goma, goma yake nufi, ko da siririya ce.