Rasuwar Dattijo, Fiyanon Baba Jira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ma ya samu wuri ya zauna a cikinta, iyalan Baba Jira na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk mai kunnen jin waƙa, rasuwar fiyanonsu wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kusurwar situdiyo, bayan doguwar jinya, yana da shekara ashirin da shida a hannun maigidansa. Shekarun da ya yi a hannun wanda ya sayar da shi kuwa, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Marigayin ya ƙare rayuwarsa ne a kan sana'a guda, wato shimfiɗa. Saboda 'yan bana-bakwai da za su karanta wannan sanarwa, shimfiɗa ita ce kiɗan nan da ake yi a farkon waƙa kafin murya ta shigo. A da, waƙa tana da sallama. Ba ta faɗo wa mutum ka kamar an jefo ta ta taga. Kiɗa ne zai fara zuwa ya share wuri, mai shara ta jingine tsintsiya, direba ya ƙara murya, sannan mawaƙi ya buɗe baki. Wannan aiki Dattijo ya riƙe da mutunci, bai taɓa gaggawa ba, bai kuma taɓa shiga gaban murya ba.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da haƙuri. Ya sha ruwan sama a bayan mota, ya faɗo daga kan dandamali sau biyu, wutar lantarki ta sha yi masa wulaƙanci, duk bai yi ƙorafi ba. Aibinsa ɗaya ne, idan ma aibi ne. Akwai wani madanni a hannun hagu da ba ya fitar da sauti sai ya fara cewa “ƙwas”, kamar tsoho yana gyaran murya. Daga nan sai ka ji “tin... tin-tin... taan”, a hankali, ya zagayo, ya sake zagayowa. An sha ce wa Baba Jira ya kai a gyara madannin nan, yakan ce ai ba ciwo ba ne, hali ne.

A dalilin marigayin ne ma Baba Jira ya samu sunansa. Mutane na tsaye suna jiran 'yarsa Auta ta fara waƙa, shi kuwa yana can ya sunkuyar da kai yana ta zagaye, sai wani ya ce, “Baban nan dai sai a jira shi.” Suna ya bi shi. Masana kiɗa sun yi ta yabonsa a kan cewa shimfiɗarsa ba ta taɓa zama tsawo ɗaya ba. Yau sakan ashirin da takwas, gobe arba'in da ɗaya, akwai ranar da ta kai minti ɗaya da rabi a wani babban ɗakin taro. Suka ce gwaninta ce, suka ce yana karanta zuciyar taro. Baba Jira ya karɓi yabon, don bai ga amfanin musu da masana ba.

Gaskiyar maganar, wadda iyalin suka rufe shekara da shekaru, ita ce ba taro yake karantawa ba. Kafaɗar Auta yake kallo. Auta tana da in'ina tun tana ƙarama. Idan ta shiga waƙa ta shiga ke nan, babu inda harshenta zai sarƙe, amma kalmar farko ita ce bala'in. Takan tsaya mata a maƙogwaro, kafaɗarta ta hagu ta ɗaga ta ƙage, numfashi ya ƙi fita. Tun tana rarrafe take barci a ƙarƙashin Dattijo, uban na atisaye, don haka da ta ji “ƙwas” ɗin nan jikinta ya san an zo gida. Shi kuma uban sai ya yi ta zagayawa, idonsa a kan kafaɗar, har sai ya ga ta sauka. Da ta sauka sai ya ɗaga hannu, ita kuma ta shigo da muryar nan da kuka sani. Tsawon shimfiɗa tsawon tsoron Auta ne a wannan rana, babu wata gwaninta bayan wannan.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne shekara uku da suka wuce, ranar da Manajan Auta ya shigo situdiyo da waya a hannu. Manaja mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya, sai dai yana cikin mutanen nan da ba su yarda da abin da kunnensu ya ji sai waya ta tabbatar musu. Ya nuna wa Baba Jira wani zane, layi ne ya taso a sama sai ya rikito ƙasa.

“Baba, ka ga nan? Nan ne sakan na uku. A nan rabin masu saurare suke turewa da yatsa su wuce. Ba su ma san Auta na cikin waƙar ba.”

“To ina za su?” in ji Baba Jira.

“Waƙa ta gaba, Baba.”

“Ita ma su wuce ta?”

“In ba ta kama su ba, ƙwarai kuwa.”

Daga ranar aka fara yi wa Dattijo aski. Aka rage shimfiɗa zuwa sakan ashirin, marigayin ya jure. Aka mayar da ita takwas, ya jure. Aka mayar da ita uku, abin da ko “ƙwas” ɗin bai gama fita ba an yanke. Daga bisani aka ce amshi ne zai riƙa buɗe waƙa, murya tun a sakan na farko, domin shi ne guntun da mutane ke ɗorawa a gajerun bidiyonsu suna rawa a tsakar ɗaki. Kiɗan kuma kwamfuta ce za ta bayar. Aka tura Dattijo kusurwa, aka lulluɓe shi da zane, ya zama wurin ajiye kofin shayi da makullin mota. Baba Jira yakan zo kullum ya zauna kusa da shi, don babu wanda ya iya buɗe baki ya ce masa ya daina zuwa.

Asiri bai tonu ba a lokacin, saboda a situdiyo ana iya maimaitawa. Auta takan gwada sau ashirin, sau talatin, a zaɓi wanda kalmar ta fita. Manaja ya san tana sarƙewa a magana, amma ya ɗauka waƙa daban, har yana yabonta wai ba ta son aikin da bai kammala ba. Baba Jira na kusurwa yana ƙirga yawan gwajin, yana ganin kafaɗar nan a sama, hannunsa na motsi a kan zanen da aka rufe marigayin.

Sai ga gayyata ta zo. Wani babban kamfanin da ke sa waƙoƙi a waya ya kira Auta ta yi waƙa kai tsaye ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma, dubban mutane na kallo a lokaci guda. Ba a taɓa ba ta irin wannan dama ba, mai yiwuwa kuma ba za a sake ba. Sharaɗinsu ɗaya: jar fitilar kyamara na kamawa, murya na tashi. A kai tsaye babu maimaici, babu yanke-yanke.

Baba Jira, wanda bai taɓa roƙon kowa komai a sana'ar nan ba, ya tare Manaja a bakin ƙofa. “Ɗana, sakan biyar nake roƙo. Biyar kawai. Ka bar Dattijo ya yi mata sallama.”

Manaja ya sosa ƙeya, ya ce to a gwada ranar Talata ya ji. Ranar Talata aka kwashe kofuna, aka yaye zane, Baba Jira ya goge madannan ɗaya bayan ɗaya da gefen rigarsa, aka jona wuta. Ya ɗora yatsa a madannin nan na hagu. Dattijo ya ce “ƙwas”. Aka jira sautin da ke biyo baya, bai zo ba. Sai wani siririn hayaƙi da warin ƙonewa. Waɗannan su ne kalamansa na ƙarshe.

An garzaya da shi wurin mai gyara, wanda ya san shi ciki da waje. Ya kwance bayansa, ya leƙa da tocila, ya daɗe bai ɗago ba. “Baba, sai haƙuri,” ya ce. “Ba shayin da ya zube ba ne ya kashe shi, kodayake ya taimaka. Zama ne. Irin waɗannan ba sa son a bar su shiru. Kayansa kuma an daina yi tun kafin in buɗe shago.”

Aka ɗauko marigayin aka kai shi gidan Baba Jira. An aro wani sabon fiyano mai sheƙi, mai sauti ɗari biyar a cikinsa. Baba Jira ya buga shimfiɗar nan daidai yadda ya saba, ya zagaya sau uku, kafaɗar Auta ko gezau. Sabon ba ya cewa “ƙwas”. Manaja ya yi ta'aziyya da ladabi, amma duk wanda ke wurin ya ga nauyi ya sauka daga kansa, ya ce ai dama kwamfuta na nan. Ranar Laraba aka yi gwaji da ita sau goma sha ɗaya. Sau huɗu Auta ta shigo a kan lokaci. Sau bakwai kiɗa ya tafi ya bar ta tsaye, baki a buɗe.

Tun daga nan Baba Jira bai san ɗanɗanon abinci ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ba wucewar mutane ce ta fi tayar masa da hankali ba, wannan ya saba. Tsayawarsu yake tsoro. Ya ga yadda ake yi: wani ya yanko sakan goma na 'yarsa tana kokawa da kalma ɗaya, ya ɗora dariya a kai, kafin gari ya waye ya zaga duniya. Shekara goma sha biyu tana waƙa, amma wannan guntun ne za a san ta da shi. Shi kuwa zai kasance a tsaye a bayan mai ɗaukar hoto, hannu biyu babu komai, yana ganin kafaɗar a sama ba shi da abin da zai sauke ta da shi.

Ranar Alhamis da safe Auta ta same shi a tsakar gida, ya tasa takarda a gaba yana tsara wannan sanarwa, ya rubuta ya soke ya fi sau nawa. Ta karanta ta bayansa. Ta ga ya lissafa halayen marigayin duka, ya tsallake guda ɗaya.

Ta ɗan jima kafin maganar ta fito, shi kuma ya jira, kamar yadda ya saba. “B-Baba, ka sa har da kafaɗar.”

“'Yar nan, in na sa, ba ya gogewa.”

“Ka sa. Gara su ji daga bakinka. Ni kafin in faɗa sun wuce.”

Ya yi dariya, ita ma ta yi, sannan ya juya mata baya ya daɗe yana gyaran hular da babu abin da ya same ta. Da izininta ne aka rubuta duk abin da kuka karanta a sama.

Marigayin ya bar ƙafafunsa na ƙarfe guda biyu, ɗaya an ɗaure da waya. Ya bar abin takawa, da wayar wuta ta uku a rayuwarsa, da zanen lulluɓi mai tambarin gindin kofi, da kujerar katako da ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya. Ya bar waƙoƙi sittin da 'yan kai, waɗanda ake tsallake farkonsu. Ya bar maigidansa, wanda ba a san me zai riƙa zuwa yi a situdiyo ba daga yanzu. Ya kuma bar Auta.

Za a goge shi a naɗe shi a zanensa ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a gidan Baba Jira. Daga nan za a ɗauke shi a kafaɗa zuwa shagon mai gyara, inda aka tanadar masa wuri a kanta ta sama, tsakanin wata rediyo da tsohuwar lasifika. Mai gyara ya yi alkawarin ba zai cire masa ko ƙusa ba. Madanni guda kawai za a zare, na hagun nan, Baba Jira ya ce zai riƙe a aljihu.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Za a karɓi gaisuwa ne a waya, da ƙarfe huɗu na yammacin wannan rana, a lokacin da jar fitila za ta kama. Mai yiwuwa Auta ta shigo nan take, sai a gode wa Allah. Idan kuwa kuka ga kiɗa ya tafi ta tsaya shiru, iyalin na roƙon arziki: kada a ture da yatsa, kada a yanka, kada a tura wa kowa. A dubi kafaɗarta ta hagu, a ɗan dakata. Tana saukowa, ba ta taɓa ƙin saukowa ba, jira kawai take so, mai yi mata shimfiɗa kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Ba a buƙatar kowa ya kawo komai. Wanda ya yi niyyar zuwa, ya taho da sakan arba'in.