Rasuwar Doguwa, Na'urar Wasa ta Shagon Malam Aƙilu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, da kuma wata tambaya da ta hana shi sakat, Malam Aƙilu mai gyaran rediyo na bakin tashar Funtua yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar wasansa, wadda aka fi sani da Doguwa. Tambayar ita ce: idan hannu ya yi ɓarna, wa zai iya rantsewa cewa ba zuciya ce ta aike shi ba? Ya kai ta gaban malamai biyu da fasto ɗaya. Kowannensu ya ba shi amsa mai kyau, amma babu wadda ta kwana a ransa.

Doguwa ta cika ranar Laraba da hantsi, cikin watan Agusta na shekarar 1988, dawa tana gab da fitar da kai. Shekarunta takwas a duniya, shida daga ciki a Funtua. Malamai sun ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum, ya tuna daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Malam Aƙilu ya tuna, ya kuma faɗa.

An haifi marigayiya a ƙasar Japan. Ta yi ƙuruciyarta a wani otal a Kaduna, har otal ɗin ya rufe aka jingine ta a bayan kicin. Ta shigo Funtua kwance a bayan motar taki, ba ta gani, ba ta magana. Malam Aƙilu, wanda bai wuce aji huɗu a makaranta ba, ya yi wata uku yana bin wayoyin cikinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɓatacciyar akuya a gonar rake. Ranar da ta fara buɗe baki ta ce "Tiu! Tiu!", Tsohuwa mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta ta tsallaka titi.

Ga wanda bai san ta ba, akwati ce a tsaye, ta fi Jibo mai shayi tsayi, da fuskar gilashi irin ta talabijin, da sanda ɗaya da jan maɓalli ɗaya. A jefa mata sule, sai wasu halittu su fara saukowa daga sama sahu-sahu, kai kuwa kana ƙasa kana harbi. Manoma na gani suka gane abin: ai jan-baki ne suka sauka a kan dawa. Sunan da wasan ya ci ke nan, Jan-baki. Idan tsuntsayen sun matso ƙasa sai ta riƙa cewa "dum, dum, dum", tana ƙara sauri, har ka ga dattijo mai 'ya'ya goma yana gumi yana kiran sunan uwarsa.

An shaidi marigayiya da adalci. Ba ta san Alhaji ba, ba ta san ɗan dako ba. Ba ta taɓa tambayar kowa masallaci yake zuwa ko coci ba. Ba a lallashinta, ba a ba ta goro. Wanda ya fi kowa harbi sai ta rubuta sunansa da lambarsa a can saman gilashi, ta bar shi nan dare da rana har wani ya ture shi. Ko an ɗauke wuta an dawo da ita, sunan yana nan. Wannan hali nata na rashin mantuwa shi ne abin alfaharin mai ita, kuma a kansa aka yi ɓarnar.

Ta rasu ta bar marayu takwas. Wasa ba a jikin akwati yake ba, yana kan wani koren allo da ake zura mata a ciki, a cikin wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu kamar shanshani. Malam Aƙilu ya tara alluna tara daga kasuwannin Kano da Kaduna, dukkansu a mace ya same su. Ya ciri ƙwaya nan ya dasa can, ya gwada, ya sake, har kowanne ya farfaɗo. Akwai Ci-gero, akwai Titin Zariya na tseren mota, akwai Ɗan Dambe, da sauransu. Yana naɗe ƙwayoyin da suka rage a takardar azurfa ta kwalin taba, ya sa a gwangwanin madara, ya rufe da toka kamar irin wake, saboda laimar damina; allunan ma a cikin toka suke kwana. Yana da littafi da ya rubuta asalin kowace ƙwaya da gurbinta. Kowacce tana da 'yar tsaga a kai da ke nuna inda za ta fuskanta, shi kuma ya ɗiga wa kowace tsaga jan farcen matarsa Barakatu don kada ido ya ruɗe. Babu ɗaya cikin marayun nan da zai iya cewa uffan sai a cikin uwarsu.

Ta kuma bar wata mai makoki da ta fi mai ita haƙƙin kuka, wato Dinatu ta Maska.

Mijin Dinatu, Amos, direban tarakta ne. Kowace ranar kasuwa sai ya shigo shago da ƙurar gona a gira, ya ture Malam Aƙilu da kafaɗa ya ce, "Matsa, Injiniya. Kai ka san cikinta, ni na san halinta."

"Halinta ai ni na raine shi," in ji Malam Aƙilu.

"To ka raini yatsunka ma mana. Harbi kake yi ko tsince tsakuwa a shinkafa?"

Da kakar 1985 Amos ya kafa lambar da ba a taɓa gani ba, dubu arba'in da takwas da ɗari bakwai da hamsin. Doguwa ta rubuta AMOS a sama, mai ita ya koma na biyu. Bayan mako biyu kububuwa ta sari Amos a gindin tarin dawa, ya cika kafin a kai shi asibiti.

Amos bai bar hoto ko ɗaya ba. Cewa yake yi wanda yake son ganinsa ya zo gona. Da Dinatu ta ji labarin sunan, sai ga ta wata ranar kasuwa a ƙofar shago, ta sauke tallanta ta ce, "Malam, an ce yana nan. Kunna mini shi." Aka kunna. Ta tsaya tana kallon haruffa huɗun nan, tsuntsaye suna saukowa ba mai harbinsu, har "dum, dum" ɗin ya ƙare. Daga ranar ba ta fasa ba. Takan zo da ƙullin gyaɗa ta ajiye a kan tebur, ta yi tsayuwarta, ta ce, "Na gode, Malam," ta tafi.

Saboda haka allon Jan-baki bai ƙara fita daga cikin Doguwa ba har shekara uku. Sauran takwas suka zauna cikin toka. Mutane suna yabon Malam Aƙilu da kirki, shi kuwa yana karɓar yabon yana haɗiye wani abu. Idan rana ta take, tasha ta yi shiru, yakan kama sandar ya gwada ture mamacin. Sau ɗaya ya kusa. Saura ƙiris ya wuce lambar, sai ya saki sandar ya bar tsuntsaye suka cinye shi. Wannan ita ce shaida ɗaya tilo da yake da ita a kan cewa shi ba mugu ba ne, kuma babu wanda ya gani.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne daga wani ɗan batir mai girman ƙwayar goro da ke kan allon. Shi ke riƙe sunaye idan babu wuta. Da damina ta yi nisa sai ya fara fitar da wani farin gishiri, wanda in aka ƙyale shi zai cinye allon. Canza shi wajibi ne, babu mai gyaran da zai ce a'a. Hanyar kuwa ɗaya ce: a haɗa sabo tukuna, sannan a cire tsoho, don kada sunaye su rasa abin riƙewa ko na ƙiftawar ido. Malam Aƙilu ya san haka. Shi ya rubuta shi a littafinsa, ya ja masa layi biyu a ƙasa.

Ranar Larabar nan ya cire tsohon tukuna. Sabon yana kan tebur, bai fi kamu ɗaya daga hannunsa ba.

Da ya kunna, saman gilashi babu kowa sai sifili. A nan mai sanarwa yake roƙon jama'a su karanta a hankali. Kafin firgici ya zo, na tsawon numfashi ɗaya, ya ji wani sanyi a ransa, irin wanda mutum ke ji idan baƙon da ya daɗe ya yi sallama. Numfashi ɗaya ne tak. Shi ne yake ta aunawa har yau, ya kasa sanin ko kafin hannu ya motsa sanyin yake, ko bayansa ya zo.

Sannan firgicin ya iso. Ya shiga cire ƙwayoyi yana mayarwa, wai ko sunan ya maƙale a wata. Cikin gaggawa ya dasa ɗaya a juye, jan farcenta yana kallon inda ba nan ba, ya kunna. Marigayiya ba ta ce "tiu" ba. Ta ce "tsss", a hankali, kamar ruwa ya ɗiga a garwashi. Wari ya tashi irin na babbakar akuya. Shi ke nan.

Ga duk wanda ya tambaya, ya ce wuta aka kawo da ƙarfi. Kowa ya yarda, domin babu gidan da bai taɓa asarar ƙwan fitila ta haka ba. Jibo ne kaɗai ya ajiye ludayinsa ya ce, "Malam Aƙilu, rediyona a layinka yake jone. Ko tari bai yi ba."

"Rediyo daban, wannan daban."

"Ni mai shayi ne, ba jaki ba. Ka gaya wa matar nan gaskiya."

"Ba zan gaya mata ba. Gaskiyar za ta dawo da shi ne?"

Ranar kasuwa Dinatu ta zo, ya faɗa mata ƙaryar yana kallon ƙasa. Ta daɗe tana duban baƙin gilashin, sannan ta ce, "Kada ka sa a ranka, Malam. Ba laifinka ba ne. Shekara uku ka riƙe mini shi." Ta ajiye gyaɗarta ta tafi. Gyaɗar tana nan a kan tebur, ba a kwance ƙullin ba.

Wajen wankan gawa, da ya ciro gilashin ya fito da shi rana, sai ya ga abin da ya zaunar da shi a ƙasa. Haruffan da suka shekara uku suna ci a wuri ɗaya sun ƙona fuskar gilashin. In ka karkata shi ga haske, ga AMOS nan da lambarsa, dishi-dishi kamar tabon ƙuna, ba ya bukatar wuta ko batir. Jibo ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "To, ga shi Allah ya rage maka hanya. Kai mata."

Nan ma ya ƙi. Gilashin lafiyarsa lau, kuma irinsa ba a samu ko a Kano. Da shi kaɗai za a iya haɗa wata na'urar da marayun takwas za su sake magana. In ya bayar, aikin shekara shida ya koma gwangwanaye da toka. Ya tura gilashin ƙarƙashin gado, ya kwana goma sha ɗaya a kansa. Barakatu ta ce juyin da yake yi ya isa ya tuƙa tuwon gidan biki.

Za a yi jana'izar marigayiya yau Asabar bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke bayan shago. Za a binne allon Jan-baki cikin garwar kananzir, tare da ƙwayar da aka dasa a juye. Gangar jikinta ta katako Barakatu ta roƙa, za ta jera kwanuka a ciki. Marayu takwas za su zauna cikin tokarsu tare da littafin, ko Allah zai kawo wani zamani da wani mai ilimi zai iya jin abin da ke cikinsu ba tare da uwarsu ba. Jibo zai ba da shayi. Ana roƙon masu gaisuwa su ce "Allah ya ba da haƙuri" su tsaya nan. Kada kowa ya ce wuta ce. Ba wuta ba ce.

Ana kuma neman afuwar jama'a, domin mai makoki ba zai samu halarta ba. Jibo ne zai karɓi gaisuwa a madadinsa. Da safen nan ya ciro gilashin daga ƙarƙashin gado, ya naɗe shi a buhun auduga biyu, ya ɗaure a bayan babur da igiyar guga. Jibo, wanda ya ji komai daga bakinsa daren jiya, ya ja igiyar ya ji ta yi tam, ya ce, "Gilashin kaɗai za ka kai, ko har da maganar?"

"Har da maganar."

"Har da numfashin nan ɗaya?"

"Da shi zan fara."

Wanda ya karanta wannan takarda a ƙofa ya ga kwaɗo a rufe, kada ya wahalar da kansa da ƙwanƙwasawa. Malam Aƙilu ya kwance ƙullin gyaɗar, ya ci guda ɗaya, ya hau babur, ya kama hanyar Maska a hankali saboda ramuka.