Kunnen Kuroiwa da Yaron Bayan Tamfol

"Ku bar yara da bindigar auna gudu," in ji Kuroiwa, yana zuƙar taliya kamar famfon kwashe ruwa. "Ni kunnena ya ishe ni. A rufe mini ido, a jefa ƙwallo sau ɗaya, in ji saukarta a safar hannun mai cafewa, zan faɗa maka gudunta, da tsawon yaron, har da abin da ya karya kumallo da shi."

A shagona ya faɗi wannan, kuma ba ranar ya fara ba. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da taliyar udon a tsallaken filin besbol na sakandaren garinmu, nan bakin teku a Shikoku, kuma goma sha tara daga ciki Kuroiwa na kan kujera ta uku yana wannan karatu. Gajere ne, mai tumbi, da kunnuwa kamar murfin tukunya. Sana'arsa gyaran firji. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa, abokina. Shi a wurinsa mafaraucin 'yan wasa ne na wata babbar ƙungiyar ƙwararru, kuma yana da shaida: wani kati mai tambarin ƙungiyar, rataye a wuyansa da jar igiya. Ko gidan wanka ya shiga, sai ya cire komai ya bar katin.

Gaskiyar maganar, an ba shi katin ne don ya riƙa shiga filaye, in ya ga yaro mai hannu ya buga waya. Ya kuwa buga. Bara ya taso su tun daga birni su ga wani dogon yaro mai jifa kamar tsawa, da suka zo ashe sabon malamin motsa jiki ne, mai mata da 'ya'ya biyu. Tun ranar shugaban mafarautan, Hasebe-san, ya ja masa kunne: in ya sake kiran banza sau ɗaya, katin zai dawo gida. Kuroiwa ba tare da katin nan ba mai gyaran firji ne kawai, kuma shi ma ya san haka.

Wata ranar Talata a farkon damina, yana cikin shan romo, sai ƙara ta taso daga rumfar atisaye, wadda aka kewaye da koren tamfol saboda iskar teku. Tas! Sai muryar mai cafewa ta biyo baya: "Haka nake so!"

Kuroiwa ya ajiye kwano, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Tas!

"Tsuboi-san, kashe wannan rediyo," ya ce da ni. "Kilomita ɗari da arba'in da takwas a awa. Badama ne. Dogo. Wane ne?"

"Nagamine ne, ɗan aji biyu. Amma Kuroiwa-san, wannan ƙarar..."

"Kai dai dafa taliya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

To bari in faɗa maka abin da ya hana ni faɗa, tunda duk garin an sani, har kuliyoyin bakin tasha. Nagamine yaro ne mai kirki, siriri kamar sandar kamun kifi, kuma shi ne na huɗu cikin masu jifa huɗu. In aka buge ƙwallonsa sai ido ya ciko. Shi ya sa koci Tokumaru ya haɗa shi da Ebina, wani ƙaton ɗan masunci, ya ce ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa. Ka san masu cafewa suna da wannan kara: sai su sa safa ta yi ƙara don mai jifa ya ji shi ma wani ne. Ebina kuwa ya wuce malamansa. Ya zare rabin audugar cikin safarsa, yana shafe fatar da mai kullum, ya kuma iya tarbar ƙwallo da tsakiyar tafi daidai lokacin da ta iso. Ko ƙwai ka jefa masa sai ka ji kamar an harba bindiga.

Na ce wa Kuroiwa ya tsallaka titi ya leƙa, taku ashirin ne. Ya dube ni kamar na ce ya ci taliya da cokali.

"In na tsaya a bakin shinge da katin nan, kafin yamma kowace ƙungiya ta ji labari. Ban da haka ma, ido maƙaryaci ne. Ido ne ya ja mini abin bara."

Na ce gani ya kori ji. Ya ce wannan maganar masu ciwon kunne ce.

Daga nan dabara ta fara. Doka ta hana mutanen ƙwararru magana da ɗalibi kai tsaye, sai ta hannun koci. Don haka Kuroiwa ya sa kwat, ya sayi kwalin alewar wake mafi girma a gari, ya ja ni in zama shaida. Ya rusuna wa Tokumaru har tumbinsa ya taɓa gwiwa.

"Sensei, alfarma na zo nema. Yaron nan na bayan tamfol, kada ka saka shi a wasa."

"Nagamine?" in ji koci. "Ai ban taɓa saka shi ba."

"Na gane," in ji Kuroiwa, ya kashe ido ɗaya.

"Kuroiwa-san, shi ne na huɗu a wurina."

"Haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya."

"Ba wasa nake ba. Ƙwallonsa sai ka ƙirga ɗinkinta kafin ta iso."

Kuroiwa ya yi dariya har da dukan cinya. Da muka fito ya ce mini, "Ka ga tsohon dila? Ni da shi mun fahimci juna." Koci kuwa ya tsaya riƙe da kwalin alewa yana kallonmu, bai san laifin da ya yi ba.

Sati biyu bayan haka wani mutum mai gilashi ya shigo shagona da jaka a kafaɗa, mafarauci daga ƙungiyar besbol ta wani kamfanin takarda. Hanya ce kawai ta biyo da shi, bas ta tsere masa. Kuroiwa na ganin bindigar auna gudu a bakin jakar sai ya gane abokin hamayya ne ya shigo. A daidai lokacin kuma tamfol ya ce tas.

"Mene ne wancan?" in ji baƙon.

"Kafinta ne," in ji Kuroiwa. "Ana gyaran benci. In yaro kake nema, ɗan'uwa, taso in nuna maka na gaske."

Ya kama hannun mutumin ya zagaya da shi can ƙarshen fili, inda wani bahago mai suna Shiomi yake jifa. Kuroiwa ya daɗe da yanke wa wannan hukunci. Ƙwallon Shiomi tana zuwa ne ta karkace a takun ƙarshe, mai cafewa bai taɓa samunta a tsakiyar safa ba, don haka ƙararta kamar matashin kai ya faɗo daga gado. A littafin Kuroiwa an rubuta: bahago, ba murya, a bar shi. Amma ranar ya zuba masa kirari, ya gabatar da baƙon ga koci da kansa, ya dawo da shi ya saya masa taliya mai ƙwai biyu.

"Na sayar masa da jaki a matsayin doki," ya raɗa mini bayan mutumin ya tafi. Ni kuwa na lura baƙon bai ko taɓa ƙwai na biyu ba, rubutu kawai yake ta yi. Daga ranar duk Alhamis sai ya dawo, kuma duk Alhamis Kuroiwa sai ya raka shi har wurin bahago.

Sai kuma bin ci-gaban yaro, wanda shi ne rabin aikin mafarauci. Kuroiwa ya juya kujerarsa ta ba fili baya, ya buɗe littafi. Da damina ta ɗauke, fatar safar Ebina ta bushe, ƙara ta ƙaru, shi kuma lissafi ya hau: ɗari da hamsin, ɗari da hamsin da biyu. Ya tare uwar Nagamine a kasuwar kifi, ya tambaye ta kwano nawa na shinkafa yake ci. Ta ce biyu, in an matsa masa. Ya rubuta biyar, wai uwaye suna ɓoyewa saboda baki. Ya tsinci tsohon takalmin wani a bayan shinge, ya auna, ya ce ƙafa ta ƙaru, saura kafaɗa. Takalmin mai yankan ciyawa ne.

Sau uku na yi ƙoƙari, in faɗa maka gaskiya, don ina jin tausayinsa. Na uku har na ambaci auduga. Ya ce, "Tsuboi-san, hassada ba ta yi maka kyau ba." Daga nan na kama bakina. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ya buga wa Hasebe-san wayar a gabana. "Yallaɓai, wannan karon na sa wuyana. Ɗari da hamsin da uku, kuma ba wanda ya san da shi sai ni."

Hasebe-san ya iso ranar Asabar da hantsi, bayan awa biyar a jirgin ƙasa da awa guda a bas. Dattijo ne marar yawan magana, mai furfura, irin waɗanda ke goge gilashi kafin su yi fushi. Rabin gari ya taru a bakin shinge, don Kuroiwa ya raɗa wa kowa asirin ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ina ciki, da farar rigar girki, na kawo wa baƙin koci taliya. Aka yaye tamfol. Nagamine ya fito, ya cire hula ya rusuna wa kowa har da ni.

"Da izininka, yallaɓai, zan juya baya," in ji Kuroiwa. "Kai ka riƙe bindiga, ni in faɗa, sai ka gwada ta da ni."

Ya juya, ya rufe ido, ya kafa tafi a bayan kunne. Yaro ya jefa. Tas! "Haka nake so!"

"Ɗari da hamsin da ɗaya."

"Ɗari da goma sha biyu," in ji Hasebe.

"Batir ne. Tafiya ta yi nisa."

Koci ya kawo bindigar makaranta. Tas!

"Ɗari da hamsin da huɗu."

"Ɗari da tara."

"Iskar teku tana rikita su, yallaɓai. Gishiri."

Hasebe ya cire gilashi ya fara gogewa. Can gefe kuwa bahago yana ta aikinsa, buf, buf. Dattijon ya juya bindigar wajensa kamar da wasa, ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗari da arba'in da bakwai, kuma tana lanƙwasa. Sensei, wannan fa?"

"Shiomi. Ai ka makara, Hasebe-san. Shi da iyayensa sun riga sun yi wa kamfanin takarda alkawari. Kuroiwa-san ne ya kawo mutuminsu, sati bakwai yana rako shi."

Kuroiwa bai juyo ba, amma ƙeyarsa ta yi ja.

"Dabara ce, yallaɓai, don in kare namu. Yaron tsoro ne ya kama shi. A ba shi jifa ɗaya kawai, ya saki jiki, za ka ji abin da nake ji."

"To," in ji Hasebe. "Jifa ɗaya. Kada ka buɗe ido."

Ya karɓi ƙwallon daga hannun Nagamine, ya dafa kafaɗar yaron a hankali, sannan ya waiga ya yafito ni. Ni, Tsuboi, ɗan shekara sittin da bakwai, wanda kafaɗarsa ba ta ɗaga labulen shago sai da addu'a. Na ajiye tire. Ya matso da ni rabin hanya. Na tattara abin da ya rage mini a duniya na wurga, ƙwallon ta tafi tana tunani kamar za ta fasa tafiyar. Ebina kuwa bai san wani aiki ba sai nasa. Ya tarbe ta.

Tas! "Haka nake so, Baba... haka nake so!"

Kuroiwa bai ma ji baban ba, tsalle ya yi da ido a rufe. "Ka ji shi! Ɗari da hamsin da biyar! Wannan hannun, yallaɓai, shekara goma sha biyar zai yi yana ɗauke da ƙungiya. Ni na gano shi, a rubuta sunana."

Ya juyo. Ya gan ni tsaye da rigar girki, ina riƙe da kafaɗa ina nishi. Nagamine na can gefe yana shan ruwa.

"Hamsin da takwas," in ji Hasebe, ya mayar da gilashinsa. Ya rusuna cikin ladabi, ya miƙo hannu biyu, ya jira. Kuroiwa ya zare jar igiyar daga wuyansa. Sai da ta maƙale a kunne, Ebina ya taimaka masa.

Hasebe ya sa katin a aljihu, ya dube ni sama da ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi, Kuroiwa-san, ka samo mana mai jifa. Ka dai makara da shekara hamsin."