Rasuwar 'Yar Baƙa, Rautar Shagon Ma'aruf

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma ba kaɗan ba, Malam Ma'aruf mai gyaran waya na hanyar Kusugu, Daura, yana sanar da rasuwar rautarsa, 'Yar Baƙa, na'urar da ta shekara tara tana raba intanet tsakanin shagonsa da cikin gidansu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin aikinsa, kuma a hannunsa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha zafin bazara da wutar janareta mai hawa da sauka, ba ta taɓa kai ƙara ba. Maganarta duka ba ta wuce "ƙit" idan an kunna ta, sai ɗan "zzz" idan rana ta take. Ba ta san ƙyashi ba. Har maƙwabtan da suka saci lambar sirrinta ta ciyar. Babban aikin ladanta shi ne na ranar Juma'a, lokacin da take haɗa Inna Shatu, mahaifiyar Ma'aruf, da jikarta Zinariya da ke Fatakwal, su ga juna a waya.

Ba ta yi jinya ba. Ma'aruf ne ya ga ta ɗan rage sauri, ya ƙudura zai sake mata kanel, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita. Ga wanda bai sani ba, a cikin irin waɗannan na'urori akwai wani ɗan maigadi da ake kira butloda. Shi ke fara farkawa, shi ke tayar da kanel. Kuma ba ya karɓar kaya tsirara. Sai an matse kanel, an ɗaure shi, an liƙa masa takardar shaida a ka, mai faɗin sunansa da girmansa da inda za a sauke shi, da wani lissafi da ke nuna ko ya lalace a hanya. In harafi ɗaya ya kauce, maigadi ya ƙi.

A nan Ma'aruf bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya kuma roƙa a rubuta hakan. Ya ɗaure ƙunshin tsaf, ya duba takardar sau uku. Amma hannun da ya saba da filashin waya, wato sake mata manhaja, inda yake zuba komai tun daga farkon ma'ajiya, sai ya yi abin da ya saba. Farkon ma'ajiya kuwa nan ne ɗakin maigadi. Ya sauke baƙon a kan mai masaukinsa, ya shafe shi ƙurmus. Da ya sake kunnawa, ga ƙunshi lafiya lau, babu mai kwance shi. Ko "ƙit" ba ta ce ba. Gwani ne ruwa ke ci, Ma'aruf ya zauna ya yi tagumi.

Ta bar eriya biyu, ɗaya a karye. Caja guda, wadda har an aura wa fitila. Da matar Ma'aruf, Maijidda, wadda tun farko ta ce kada ya taɓa marigayiyar.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Za a naɗe ta a ledar da ta zo da ita, a sa ta a durowar ƙasa kusa da tsofaffin batura. Ba a buƙatar goro ko kunu. Mai son yin ta'aziyya ta gaskiya ya zo gidan ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci, da waya mai data. An aiko cewa Zinariya ta fara tafiya, Inna Shatu kuwa tun Laraba ta goge mayafin da za ta yafa a gaban jikarta.