Bokitina a Ƙofar Kasuwar Jimeta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na watsa ƙofar kasuwar Jimeta da bokiti ɗaya ba. Ina ajin ƙarshe a jami'a, a shekarun nan da ko tayar mota ce ta fashe sai kowa ya kwanta a ƙasa.

Aikina na kammala karatu a kan tace ruwan kwata ne. Akwai ƙananan halittu masu cinye dattin ruwan, amma sai da iska suke rayuwa, kuma in kumfar ta yi ƙanana iskar ta fi ratsa ruwan. Na ɗebo ruwan kwatar unguwarmu ta Shagari, na haɗa masa batir da famfon iska irin na masu kiwon kifi. Sati uku ina renonsu (Dada, mahaifiyata, ta ce ko jikokinta ba su ga wannan gata ba).

Rannan ɗan dutsen bakin famfon, wanda ke fitar da kumfar, ya toshe. Don in gwada wanda zai dace a shagon Mama Ngozi mai kayan kiwon kifi, sai na zura bokitin a jaka, famfo na aiki, na hau Keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar.

Ɗan sintirin da ke bincike a ƙofa ya ji ƙugi, ya leƙa ya ga wayoyi, ja da baƙa. Ya ja da baya, ya ce in ajiye in kashe abin. Ni kuma, 'yar boko, na ce, "Ba zan iya kashewa ba, mutuwa za su yi."

Kafin in rufe baki wurin ya dare. Mai lemo ya bar baronsa, takalma birjik a ƙasa. Na durƙusa, hannuwa sama, ina kuka.

Mutum ɗaya ce ta nufo ni, Mama Ngozi, tana cewa da Hausarta, "Yarinya na ne, na san shi." Da hannunta ta buɗe murfin. Warin da ya tashi shi ya wanke ni. Waɗanda suka gudu suka dawo suna toshe hanci, suna dariya.

A shagonta ta miƙo mini ruwa. Ta ce ita ma ba ta san abin da ke cikin jakar ba, fuskata kawai ta sani.

Har yau sana'ar nake yi. Amma duk wanda ya tambaye ni me na ɗauko, nakan fara ce masa ruwan kwata ne, kimiyyar ta biyo baya.